Tikitin Abinci Ta Wayar Hannu: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Kowane hakimi ya san halin da talakawa kan shiga daga watan Yuli zuwa Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuwa bai nuna ba. A ƙasar Yandaka da ta Maradi, watau Dutsin-Ma da Kurfi, ɓarnar 'yan bindiga ta ƙara wa abin tsanani, domin ta raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa yara 652 suka rasu saboda tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025.

Rabon hatsi da mota yana da tsada, buhu kuma yakan rage nauyi a hanya. Saboda haka aka fito da dabarar tikiti. Ba a ba mutum kuɗi, ba a ba shi buhu, sai a aika masa da lamba ta waya, ko a ba shi kati. Ya tafi wurin ɗan kasuwar da aka amince da shi, ya nuna, a auna masa gero ko wake ko mai gwargwadon abin da aka rubuta. Daga baya a biya ɗan kasuwa. Ta haka kuɗin ke zama a garin, mai awo na kasuwar Laraba ya yi ciniki.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A 1912 babu wanda zai gaskata shi, amma a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke Ministan Gona, manoma sun karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi ta saƙon waya. Hukumar Abinci ta Duniya kuma ta raba irin wannan kati a Borno da Yobe bayan ta fara aiki can a 2016.

Amma na'ura ba ta san matalauci ba. Abin da aka rubuta mata shi take biya, ko sunan gwauruwa mai marayu ne, ko na ƙanin mai rubutun. Don haka asalin aikin yana wurin tsara sunaye. Sa'ad da aka kafa rajistar matalauta ta ƙasa a 2016, ƙa'idar ita ce jama'a su zaɓa da kansu: maza su zauna daban, mata daban, samari daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci, ya lissafa gidaje, sa'an nan a gwama. Mata sukan san gidan da bai ɗora tukunya ba jiya, abin da dagaci ba lalle ya sani ba.

In irin wannan shiri ya zo gunduma, ya kamata hakimi ya sa a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar mai unguwa, malamin gunduma kuma ya ajiye kwafi a littafi, a riƙa gwada shi da na cikin kwamfuta. Kada a cire suna ko a ƙara sai kwamitin gari ya zauna. Kada hakimi ya sa sunan kowa da kansa, domin shi za a kawo wa ƙara.

Sai a lura da 'yan kasuwa ƙwarai. In mutum ɗaya kaɗai aka amince da shi, lalle zai tsawwala kuɗi, ko ya rage tiya. A sa aƙalla uku, a riƙa bin farashin kasuwa kowane mako.

Tsohuwa wadda ba ta da waya a ba ta kati, ta faɗi wanda zai karɓo mata a gaban shaidu biyu. A gargaɗe ta kada ta bar katin ko lambar sirri a hannun mai kanti, ko da ya ce bashi zai ba ta kafin wata ya kama.