Jere, Cefane da Yawon Sallah a Ƙasar Ajingi

Idan kaka ta yi a ƙasar Ajingi, aka kai gero da dawa rumbu, aka tsige gyaɗa, aka rore wake, to lokacin biki ya kama. Daga Toranke zuwa Balare, daga Chula zuwa Kunkurawa, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ba. Mutanen wannan ƙaramar hukuma, waɗanda ƙidayar 2006 ta ce sun haura 170,000, yawancinsu da gona da kiwo suka dogara. Saboda haka adon ɗaki da cefane da sayayya, har fita unguwa, duk lokacin manomi suke bi. Ɗan albashi a birnin Kano ƙarshen wata yake jira, magidanci a Ajingi kuwa kaka yake jira, sai kuma ranar kasuwa.

Mai son ya san adon gida a nan, to ɗakin mace zai leƙa, domin zauren maigida ba ya wuce tabarma da buzu da buta, sai ko allunan yara jingine da bango. Kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, 'yan jere ke zuwa gidan ango: gwaggonni da yayyen amarya da matan 'yan uwa. Su share, su shimfiɗa leda, su kafa gado, su rataye labule, sannan a shiga babban aiki, wato jera kwanuka. Akwai gwanaye a wannan fanni da ake aika musu takanas. Za ka ji wata dattijuwa na cewa, “Ke 'yar nan, ɗaga wancan sama, manya a ƙasa ake sa su.” Ba a jere da gaggawa, domin gobe 'yan ganin ɗaki za su zo, kuma abin da suka gani shi za a yi ta maimaitawa a bakin rijiya.

Kayan jeren sun sha sauyi. Kakanni sun yi da ƙorai masu zane da faya-fayai da tasoshi, a ɗakin da aka yi wa daɓe aka shafe bangonsa da farar ƙasa. Iyaye suka zo da kwalla da langa da samira, ana ɗora su bisa juna har su kusa taɓa rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa a gefe. 'Yan yanzu kuwa sai gadon katako da sif da madubi da kujeru, da kuloli da tangaran a cikin kabad mai gilashi. Wanda ya samu hali ya haɗa da ɗan faifan sola, ko don fitila da cajin waya.

Abin da baƙo ba ya ganewa shi ne, jeren nan dukiya ce. Kayan ɗaki mallakar mace ne, ba na miji ba. In rashin lafiya ta zo, ko aka shiga tsakiyar damina hatsi ya ƙare, tana iya zare kwano biyu ta ba dillaliya ta sayar. In ta haifi mace, tun yarinyar tana tallan ƙosai ake fara tara mata nata, wani ma daga cikin na uwar za a cira. Kuɗin yakan fito ne daga adashi, da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da akuyar da ta haihu, da gudummawar ƙawaye wadda ita ma bashi ce, ranar bikinsu za a rama. A nan ne nake ganin tsohon jere ya fi sabo hikima. Kwalla ko ta shekara 20 tana da mai saye. Kujerar da aka yi da katakon banza da soso kuwa, damina biyu ta isa ta kwance, in gara ba ta riga ta cinye ta ba.

Abinci ba shi da yawan surutu. Da safe ɗumamen tuwo ko koko da ƙosai. Da rana abin da ya sawwaƙa: ɗanwake da mai da yaji, dambu, fate, kwaɗon zogale ko rama, ko fura da nonon da matan Fulani ke shigowa da shi daga rugage. Da dare tuwon dawa ko na gero ko na masara, da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa mai daddawa. Shinkafa da taliya sun shigo sosai, awara kuma ta zama ta yara da 'yan makaranta. A gidan da ake da kishiyoyi, mai girki ita ke da tukunya a ranar, maigida ya auno mata hatsi ya ba da kuɗin mahaɗi. Kuma har yanzu da magariba maza kan fito da kwanukansu ƙofar gida a ci tare, abin da ya yi ƙaranci a sababbin unguwannin birni.

Sayayya hawa-hawa ce. Gishiri da magi da ashana, yaro za a aika kanti ko maƙwabta, don gidaje da yawa akwai matar da ke 'yar sana'a daga cikin ɗakinta. “Malam, manja ya ƙare,” in ji uwargida, shi kuma ya ce a bari sai ranar kasuwa. Kasuwannin ƙauye ci suke mako-mako, kuma mutum ba ya zuwa hannu rabbana: zai ɗauki kwano biyar na wake, ko kaza, ko ɗan akuya, ya sayar sannan ya yi cefane da kuɗin. Ba a saye sai an taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a kai ga sallamawa, a nemi gyara a kai. Matan aure ba kasafai suke shiga kasuwa ba, sai tsofaffi da 'yan mata, amma kada wannan ya ruɗe ka, domin rabin abin da ke cikin buhun maigida saƙon matan gida ne.

In abin ya girma, sai a nufi Wudil ranar Juma'a, inda ake cin babbar kasuwar shanu, a dawo da kifi da tukwane. In lefe ne ko kayan ɗaki, sai birni: atamfa da shadda a Kantin Kwari, kayan masarufi a Singa, tarkacen girki a Sabon Gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya sa mutane haɗa saƙo, mutum ɗaya ya tafi da sautun gida biyar.

Fita yawo don shan iska kawai ba al'adar nan ba ce. Mace takan fita unguwa da dalili: barka, suna, biki, dubiya, gaisuwar mutuwa, ko ganin gida, kuma da izinin miji, yawanci da yamma ko bayan magariba, yara na biye da ita. Babbar fita ita ce ta Sallah. Yara su sha kitso da lalle da sabon ɗinki, su bi gidajen dangi suna kai tuwon Sallah suna karɓar barka da Sallah. Matasa su hau babur zuwa Gaya kallon hawa. Gaya ba ƙaramin gari ba ne a tarihi, domin daga nan ne aka ce maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka zauna a gindin dutsen Dala da ke Kano neman tama. An ɗaga ta zuwa masarauta a 2019, kuma tun 2024 tana matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu. Wanda ke da ɗan uwa a birni kuwa yakan tura yara su yi kwana biyu, a kai su gidan zu na Audu Bako, su dawo da labarin da zai ishe su har wata Sallar.

Abin da ke neman ɓata wannan tsari shi ne gasa. Hotunan ɗakunan amaren birni suna yawo a waya, yarinya ta gani ta ce ita ma irinsa, uwa ta goya mata baya don gudun gorin dangin miji. Sai uba ya sayar da shanun huɗa ko ya jinginar da gona, damina ta zo ya koma ƙwadago a gonar wani. Iyaye mata, ku ne masu jere kuma ku ne masu ganin ɗaki, don haka gyaran a hannunku yake: a yi wa yarinya abin da aka iya, a rage mata kujera ɗaya a saya mata tunkiya ko keken ɗinki.