Tsakanin Kamantawa da Siffantawa a Nazarin Salo

Daga cikin kalmomin da ɗalibin adabi kan fara cin karo da su a fagen nazarin salo akwai kamantawa da siffantawa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo yana cikin malaman da suka zaunar da waɗannan kalmomi a nazarin waƙar Hausa. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne iyakar da ke tsakaninsu, domin a nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

Kamantawa ita ce a gwada abu biyu ta hanyar wata kalma da za ta nuna gwajin a fili. Iri uku ce. Akwai ta daidaito, mai amfani da "kamar" ko "tamkar" ko "awa", misali, "Jarumin nan kamar zaki yake." Akwai ta fifiko, inda za a ce ya fi zaki, sannan ta kasawa, inda za a ce bai kai zaki ba. Siffantawa kuwa takan yar da kalmar gwajin, ta ce kai tsaye, "Jarumin nan zaki ne."

To, a nan ne gizo ke saƙa. Ɗalibin da ya karanta balagar Larabci ya san cewa malamanta ba su raba abin haka ba. A wurinsu "jarumin nan zaki ne" tashbihi ne har yanzu, wanda suke kira baligi, tun da an ambaci jarumin da zakin duka biyu. Sai an ɓoye ɗaya, kamar a ce "Zaki ya zare takobi", sannan ya zama isti'ara. Bugu da ƙari, wani manazarcin Hausa zai kira jimlar dabbantarwa, saboda an mai da mutum dabba. Ga jimla ɗaya, ga suna uku, kuma kowanne yana da hujjarsa.

Saboda haka wajibi ne mai feɗe waƙa ya bayyana ma'aunin da ya ɗauka tun daga farko, ya kuma tsaya a kansa. Bayan ya laƙaba sunan, sauran aiki shi ne ya nuna dalilin da ya sa mawaƙi ya zaɓi zaki ya bar giwa ko ɓauna, da abin da zaɓin ya ƙara wa jigo.