Kabarin da ƙasar Sin ta ƙi buɗewa

A shekarar 1974, wasu manoma da ke haƙa rijiya kusa da birnin Xi'an na ƙasar Sin suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi. Sanadiyyar haka aka gano sojojin yumɓu kimanin 8,000 da ke gadin kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya fara haɗe kan ƙasar, wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Sai dai har yau ba a buɗe ɗakin da gawarsa take ba. Masanin tarihi Sima Qian ya rubuta cewa an malala zaiba a ciki domin kwaikwayon koguna, kuma gwajin ƙasar wurin ya nuna zaiba mai yawa.

Babban dalilin jinkirin shi ne gudun asara. Fentin jikin sojojin yakan ɓare jim kaɗan bayan iska ta buge shi. Haka kuma, da aka fara tono kabarin Sarki Wanli kusa da Beijing a 1956, tufafin alharini da yawa suka lalace, sannan a 1966 matasa 'yan juyin juya hali suka ƙone ƙasusuwansa.

Tun daga nan hukumomi suka gwammace su bar kaburburan sarakuna a rufe, har sai an sami dabarar adana abin da ke cikinsu.