Yadda Za Ka Gane Ingancin Yankan Dutsen Zobe Da Wayarka

Kwanakin baya wani abokina a Tarauni ya sayi zoben azurfa mai shuɗin dutse da ya gani a status ɗin WhatsApp. A hoto dutsen sai walƙiya yake. Da ya kawo mini shi gida a Gyadi-Gyadi muka fito da shi tsakar gida, sai ga tsakiyarsa fari fat kamar gilashin taga. Dutsen na gaske ne, yankansa ne ya lalace, kuɗi kuwa sun riga sun tafi.

Najeriya na da irin waɗannan duwatsu: shuɗin yakutu a tsaunin Mambilla da ke jihar Taraba, da tomalin a jihohin Oyo da Nasarawa. Sai dai mafi yawanmu launi kawai muke dubawa.

Me ya sa yanka yake da muhimmanci?

Dutse mai fuskoki yana aiki ne kamar wayar faiba da ke ɗauko intanet. Haske ya shiga ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa, ya dawo idonka. Kowane dutse yana da iyakar kusurwar da haske zai iya dawowa: a yakutu kusan digiri 34 ce, a amatis mai launin shunayya kusan digiri 40. Idan ƙasan dutsen ya cika faɗi, hasken zai zarce ya fice ta baya. Idan ya cika zurfi, dutsen zai yi duhu.

Masu yanka sun san haka, amma ana sayar da dutse ne da nauyi. Karat ɗaya giram 0.2 ne, don haka wasu sukan bar wa dutse ƙaton ciki don ya yi nauyi a sikeli. Ga shi kuma cibiyar GIA ta Amurka, wadda ke ba daiman mai zagaye makin yanka, ba ta ba duwatsu masu launi irin wannan maki. Idonka ne alƙali.

Gwaji huɗu kafin ka biya

1. Gwajin rubutu. Buɗe wani rubutu a allon wayarka, ka riƙe dutsen a samansa, fuskarsa na kallonka. Idan kana iya karanta haruffa ta tsakiyarsa, haske na zurarewa ke nan. Wanda aka yanka da kyau launi da ƙyalli kawai zai nuna maka.

2. Gwajin juyawa. Fita wurin hasken rana, cikin inuwa, ka karkata shi a hankali. Ɗan duhu da ke yawo daga fuska zuwa fuska ba laifi ba ne. Baƙin tabo da ya tsaya wuri guda shi ne matsala.

3. Gwajin kyamara. Ɗauki hotonsa daga sama da kuma gefe, ka faɗaɗa. Gilashin macro da ake maƙalawa a kyamara, irin na shagunan kayan waya a Farm Centre, zai taimaka. Duba ko tsinin ƙasa yana daidai tsakiya, ko layukan fuskoki sun haɗu, ko gefensa bai ɓantare ba.

4. Gwajin tocila. Haska shi ta gefe don ganin ƙarzuwa da tsagewa. Amma kada ka yanke hukunci kan kyau a ƙarƙashin tocila, domin ko fasasshiyar kwalba za ta yi ƙyalli a nan.

Aƙiƙ da fairuza da alhazai ke kawo tsaraba yawanci ba su da fuskoki. Su santsi da daidaiton tudunsu ake dubawa.

Idan ta intanet za ka saya, ka tuna kyamarorin yanzu da kansu suke ƙara wa launi ƙarfi. Nemi bidiyo a hasken rana, ba filasha, ana juya dutsen a kan farar takarda mai rubutu. Wanda ya ƙi turo maka, riƙe kuɗinka.