Sa Ido Kan Kwamfutocin da Ke Ɗauke da Cinikin Kasuwar Muda Lawal

BAUCHI — A Kasuwar Muda Lawal da ke birnin Bauchi, inda ake sauke doya da tumatir da albasa da kayan marmari tun da sassafe, babu maganar da ke tayar wa ɗan kasuwa hankali kamar a ce masa "babu sabis". Kayan gwari ba sa jiran gobe. Idan kuɗin kwando goma na tumatir suka maƙale tsakanin banki da banki har rana ta take, to asarar ta mai kaya ce.

'Yan kasuwa sun ɗanɗani wannan matsala a farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, jama'a suka koma ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS, hanyoyin bankuna kuma suka riƙa cushewa.

Dalilan maƙalewar kuɗi suna da yawa, kamar raunin sabis na waya da ɗaukewar wutar lantarki. Amma akwai wani wanda mai kaya ba ya gani, wato tsayawar kwamfutar da ke karɓar saƙon cinikinsa a cibiyar adana bayanai, wadda galibi take Legas ko Abuja ko ma wata ƙasa.

Akasarin irin waɗannan kwamfutoci a yau ba ƙarfe ba ne da za a taɓa da hannu. Babbar na'ura guda ce ake rarrabawa da manhaja zuwa ƙananan kwamfutoci masu yawa, kowace da aikinta, kamar yadda ake yanka babban shago zuwa rumfuna. Ana iya kiran su kwamfutocin kwaikwayo. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara wannan dabara a shekarun 1960, kamfanin VMware da aka kafa a 1998 ya yaɗa ta, daga bisani kuma Amazon ya fara bayar da hayarsu ta intanet a 2006.

Kowace kwamfutar kwaikwayo tana da halin da take ciki a kowane lokaci. A tsarin Amazon, alal misali, halayen shida ne: ana shirya ta, tana aiki, ana tsayar da ita, ta tsaya, ana rufe ta, an soke ta. Wani sauyin da gangan ake yin sa domin gyara, wani kuma yakan zo ba zato, sakamakon lalacewar na'ura ko kuskuren ma'aikaci. Abin tambaya ga banki shi ne, minti nawa zai ɗauka kafin ya san cewa rumfarsa ta rufe?

Hanyoyi biyu ne ake bi. Ta farko ita ce zagaye, irin na maigadin kasuwa: wata manhaja ce ke bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana tambayar lafiyarsu, misali duk bayan minti biyar. Illarta a fili take. Idan kwamfuta ta tsaya jim kaɗan bayan wucewar maigadi, sai an yi kusan minti biyar babu wanda ya sani. Idan kuma ta faɗi ta tashi tsakanin zagaye biyu, ƙila ba a taɓa sani ba, alhali cinikin mutane da dama ya riga ya maƙale.

Hanya ta biyu ita ce sanarwa. A nan babbar manhajar da ke kula da kwamfutocin ce ke aika saƙo da kanta da zarar hali ya sauya, tana bayyana wace kwamfuta ce, wane hali ta shiga, da kuma lokacin. Saƙon yakan isa cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa masana ke cewa kusan nan take ne, ba nan take ba. Daga nan sai a buga wa injiniyan da ke bakin aiki ƙararrawa, ko kuma tsarin da kansa ya karkatar da ciniki zuwa wata kwamfutar, ya kuma tayar da sabuwa a madadin wadda ta faɗi.

Sai dai sanarwa kaɗai ba ta isa ba. Kwamfuta na iya kasancewa a kunne alhali manhajar bankin da ke cikinta ta daskare, tamkar rumfa a buɗe babu mai ita. Saboda haka ake haɗa hanyoyin biyu. Bugu da ƙari, bai kamata mai sa idon ya dogara da hanya guda da abin da yake gadi ba. Tsinkewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris, 2024, wadda ta taɓa harkar bankuna a Nijeriya, ta nuna cewa kwamfuta na iya zama lafiya ƙalau amma hanyar isa gare ta ta yanke.

Ga kamfanin da ke hayar irin waɗannan kwamfutoci, lissafin ba shi da wuya. Alkawarin aiki na kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin tsayawar kusan sa'a 8 da minti 46 a shekara, na kashi 99.99 kuwa kusan minti 53 ne kacal. Har ila yau, da yake da sa'a ko da daƙiƙa ake biyan haya, kuma sau da yawa da dala, kwamfutar da aka manta a kunne kuɗi take ci a banza. Ya dace mai kamfani ya tambaya tun kafin sa hannu: wa ake sanarwa idan abu ya faru da tsakar dare, kuma cikin minti nawa?

Shi ma ɗan kasuwar Muda Lawal yana da abin yi. Kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi sun shiga asusunsa, ya ajiye takardar da na'ura ta fitar, ya kuma rubuta lokacin da ciniki ya maƙale, domin da wannan lokaci ne banki zai duba kundinsa. A shekarar 2020 Babban Bankin ya umarci bankuna su warware rikicin cinikin POS cikin sa'a 72. Wanda ke da hali kuma ya riƙe na'urorin kamfanoni biyu, ta yadda idan ɗaya ta ƙi, ɗayar za ta sallami mai saye kafin tumatir ya yi laushi.