Hoton Jirgin Yaƙi, a Bayansa Labarin Yake

Ranar 25 ga Nuwamba, 1941, wani jirgin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi HMS Barham, babban jirgin yaƙin Birtaniya, a Bahar Rum. Cikin 'yan mintoci jirgin ya kife, rumbun harsasansa ya tashi, mutum fiye da 800 suka halaka. John Turner, mai ɗaukar hoton majigi, yana kan jirgin Valiant a kusa, ya kuwa ɗauki abin. Amma hukumar sojan ruwa ta rufe maganar ruf har ƙarshen Janairun 1942, don kada Jamus ta tabbatar da ɓarnar da ta yi.

Masu tara tsofaffin hotunan yaƙin teku da wannan sani suke fara sana'arsu: ba hoton da ya fito a zamanin yaƙi sai da ya bi ta hannun mai tacewa. Shi ya sa gwani idan an miƙo masa hoto ba ya tsayawa sha'awar bindigogi da hayaƙi. Juya shi yake yi, kamar yadda dillalin doki ke buɗe baki ya duba haƙora. A baya ake samun hatimin amincewar hukuma, da 'yar takardar bayani da kamfanin dillancin labarai ya manna, da lambar rajista. Lambar nan ita ce zaren da ake ja. Hotunan hukumar sojan ruwan Birtaniya da ke gidan tarihin Imperial War Museum a Landan suna ɗauke da harafin A kafin lamba, na Amurka kuma da yawa suna cikin rukunin 80-G a ma'adanar takardun ƙasar. Wanda ya dace da lamba yana iya gano jirgin, da shekarar, wani lokaci har da sunan mai kyamarar.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin mai tacewa a jikin hoton kansa. A wancan lokaci rada sirri ce babba, saboda haka sai a bi da fenti a shafe eriyarta daga saman jirgi kafin hoto ya isa jarida. Akan goge lambar da ke gefen jirgi, akan kuma share gaɓar teku da ke can baya don kada a gane tashar. Hoton da ya tsira da zanen fensirin mai tacewa a kansa ya fi wanda aka gyara daraja nesa ba kusa ba, domin yana nuna abin da hukuma ke tsoron abokan gaba su gani a wannan watan.

Jabu kuwa ba ya ƙarewa a kasuwar gwanjo. Ana iya sake wanke tsohon fim shekaru talatin bayan yaƙi a ce hoton na asali ne. Takarda ce ke tona asiri. Tun daga shekarun 1950 kamfanoni suka fara zuba sinadarin ƙara haske a takardar hoto, kuma irin wannan takarda tana ƙyalli shuɗi idan an haska ta da fitilar nan ta gane jabun kuɗi. Takarda mai santsin roba kuwa sai wajen ƙarshen shekarun 1960 ta yaɗu.

Ba kowa ke bin jirage ba. Akwai masu neman aikin rukunin da Edward Steichen ya kafa wa sojan ruwan Amurka a 1942, yana da shekara sama da sittin. Ya ɗauko matasa irin su Wayne Miller da Horace Bristol, ya ce su sa ido kan mutanen da ke cikin jirgi. Daga nan aka sami hotunan matuƙa suna jiran umarni fuska a murtuke, da masu rauni ana sauko da su daga jirgin sama. A ganina waɗannan sun fi hoton ƙarfe tsufa da kyau.

Ɓarnar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta 'yan kasuwa masu farke albam. Matuƙi ya jera hotunansa daki-daki, ya rubuta sunan kowace tasha da farin tawada a ƙasa. Sai mai neman riba ya ɓamɓare su ya sayar ɗai-ɗai, don kuɗin ya fi auki. Hoton da aka raba da rubutunsa ya zama ruwa da ƙarfe kawai, ba mai iya cewa ina ne, ko su wane ne.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi. Akwai jirgin yaƙi mai suna HMS Nigeria, wanda aka harba a watan Agustan 1942 yana rakiyar ayarin agaji zuwa tsibirin Malta. Ya tsira, daga baya Indiya ta saye shi ta sa masa suna Mysore. A lokacin yaƙin, Firitawun ta Saliyo ita ce matattarar ayarin jiragen da ke nufar Ingila. A jirgin ruwa kuma aka kwashi rundunar Afirka ta Yamma ta 81 a 1943 da ta 82 a 1944 zuwa Indiya, kan hanyar Yaƙin Bama, kuma Hausa ce harshen bariki ga dubbai daga cikinsu. Hotunan hukuma sukan kira su sojojin Afirka ta Yamma kurum, ba suna, ba gari.

Sunayen nan suna gidajen mazan jiya a Kano da Zariya da Sakkwato, a bakin 'ya'ya da jikoki. Wanda ya gaji irin wannan hoto ya raba shi da leda da gam, ya sa shi cikin takarda mai tsabta inda danshin damina da gara ba za su kai ba. Ya kuma zauna da dattijan gida tun suna raye, ya rubuta a bayansa da fensir, ba da biro ba: wane ne, ɗan wane gari, wace shekara ya tafi.