Mita Goma na Ruwa: Lissafin Famfo da Gobara a Rusairis

Madatsar Rusairis ta Sudan, wadda aka kammala a 1966, tsayinta mita 68 ne a lokacin. A 2013 aka gama ƙara mata mita 10, ruwan da take tarewa ya tashi daga mita kubik biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. Sai dai yawan ruwa ba shi ke ba famfo ƙarfi ba. Tsayi ne. Duk mita 10 na ruwa a tsaye cikin bututu yana ba da matsi kusan baa ɗaya a gindinsa, ko bututun siriri ne ko mai faɗi. Shi ya sa a donki, kamar yadda ake kiran tashar ruwa a Sudan, ake ɗora tanki bisa ƙarafa.

Ƙa'idojin agaji na Sphere sun ware wa mutum aƙalla lita 15 a rana, da famfo ɗaya ga mutum 250, yana zubar da lita 7.5 a minti. Ke nan jarka mai lita 20 sai ta ci minti biyu da daƙiƙa 40 kafin ta cika, famfon kuma sai ya yi awa takwas da minti 20 yana zuba kafin kowa ya samu rabonsa. In matsi ya ragu da rabi, zubar ta ja baya, layin jarkoki ya tsawaita, mata da yara su koma bakin kogi ko su jira mai kura da jaki.

Lissafin gobara ya fi tayar da hankali. A Amurka, ƙa'idar bututun kashe wuta da ke hawa cikin benaye tana neman kusan baa 7 a bakin tiyo mafi nisa, da lita 1,900 a minti. Baa 7 ruwa ne mai tsayin mita 70, kusan tsayin madatsar kanta. Tanki mai lita 50,000 kuwa, a wannan zuba, cikin minti 26 zai ƙare.

Ƙauyukan Hausawa daga Maiwurno zuwa Rusairis ba benaye gare su ba, amma ɗakin ciyawa da dangar kara a iskar rani ba sa jira. A ganina, duk tankin da za a kafa ya zo da baki mai faɗi a gindinsa, da ƙaramin injin turawa, da tiyo, da man da aka keɓe domin wuta kaɗai.